Takobin da Kakanmu Ya Zo da Shi Daga Bama: Na Wane Zamani Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam, ya gida ya ƙoƙari? Ni jikan wani tsohon soja ne a nan Daura. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya je Yaƙin Bama, wato ƙasar Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo da wani takobi da tun muna yara ake ce mana na mutanen Japan ne. Bana mahaifinmu ya rasu, da aka buɗe adakarsa don rabon gado sai ga takobin naɗe cikin tsohon bargo. Kubensa na ƙarfe ne mai fenti ruwan ƙasa, da zobe ɗaya na ratayewa. An naɗe ƙotar da igiya mai faɗi, ta tsakanin naɗin ana hango wata farar fata mai ƙurji-ƙurji, kuma akwai zanen 'yan furanni a jikin tagullar. Sai an danna wani ɗan maɓalli yake zaruwa. A ƙarshen ƙotar akwai tuntu, gefe ɗaya ruwan ƙasa, ɗayan shuɗi da ya koɗe. Na auna ƙarfen, santimita 66. Ban ga rubutu ko lamba ba. Wani maƙwabcinmu ya ce ya kai shekara ɗari biyar, wani dillali kuma ya ce tarkacen soja ne, ya yi masa tayin wulaƙanci. Yayana kuwa so yake a kai wa masu wasa wuƙa su goge shi, ya rataya a hawan Sallar Gani. Ta yaya za mu gane shekarunsa da inda aka ƙera shi?

Daga ɗanka, Daura.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku da kakanku, ya kyautata namu zuwan. Ɗana, kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, tashi ka je ka ba yayanka haƙuri. Kada takobin nan ya je wurin mai wasa wuƙa. Kada a sa masa samfefa, ko soson ƙarfe, ko toka da lemon tsami. Minti biyar a kan dutsen inji ya isa ya cinye duk shaidar da kake nema, kuma abin da aka kankare daga jikin ƙarfe ba ya komawa. Ni ɗan gidan maƙeran baƙi ne a nan Katsina, na san yadda hannunmu ke ƙaiƙayi in muka ga tsatsa. Wannan karon a danne zuciya.

Labarin da aka ba ku yana da makama. Dubban 'yan Arewa sun gwabza da sojojin Japan a Bama tsakanin 1943 da 1945, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, wasu bataliyoyin kuma cikin dakarun musamman na Birtaniya da ake kira Chindit a 1944. Shi ya sa har yau barikin Zariya ke amsa sunan Chindit, na Kaduna Kalapanzin da Dalet, na Legas Myohaung da Arakan, huɗun ƙarshen duk sunayen wurare ne a Bama. A 1944 ɗin Sarkin Katsina Usman Nagogo da kansa ya taka har Bama ya gana da sojojinmu. Takubban hafsoshin Japan kuwa ta hanya biyu suka shigo hannun abokan gabarsu: waɗanda aka ɗauka a fagen fama, da waɗanda aka miƙa bayan Japan ta saduda a watan Agustan 1945. Don haka tsohon soja ya dawo Daura da irinsa ba abin mamaki ba ne.

Kwalliyar da ka siffanta ta riga ta faɗi rabin magana. Kuben ƙarfe mai fenti, zobe ɗaya, maɓallin kulle, furanni masu kunne biyar a jikin tagulla, duk wannan shigar takobin hafsan sojan ƙasa ce, samfurin da ake kira na 98, wanda aka fara fitarwa a 1938. Wanda ya gabace shi, na 94 daga 1934, zobe biyu yake da shi, ɗaya ana iya cirewa. Furannin na itacen sakura ne, alamar da sojan Japan ke sawa a kayansa. Farar fatar nan ta wani faffaɗan kifin teku ce, ana shimfiɗa ta ƙarƙashin naɗi don kada ƙota ta suɓuce a hannu. Tuntu ruwan ƙasa da shuɗi na ƙananan hafsoshi ne, laftana zuwa kyaftin. Da gefen ja ne, da na manjo zuwa kanar ne. Rashin lamba a jikin ƙarfen ma labari ne mai daɗi. Takubban saje-saje, samfurin 95, inji ne ya buga su, suna da lambobi irin namu na boko kusa da ƙota, kuma yawancinsu ƙotar goran-ruwa ce da aka zuba aka yi mata fenti ta yi kama da naɗi. Naku ba shi ba ne.

To amma a nan maƙwabcinku da dillalin duk suka yi gaggawa. Kube da ƙota na tsakanin 1938 da 1945 ne, wannan babu ja. Ƙarfen da ke ciki kuwa zancensa daban. Hafsan Japan da kuɗinsa yake sayen takobinsa. Wani ya sayi na masana'anta mai araha. Wani ya je wurin maƙeri na gaske ya sa a yi masa sabo a kan tsarin gargajiya. Wani kuma ya ɗauko na kakanninsa da ke ajiye a gida, aka yi masa sabon kube na soja ya tafi da shi yaƙi, tamkar dattijon da aka sa wa kakin ɗan sanda: rigar sabuwa, mai rigar ya ga jiya. In ka tambaye ni wanne ya fi yawa, na lokacin yaƙin sun fi yawa nesa ba kusa ba, don haka kada ku fara rabon miliyoyi a zuci. Amma tsoffin ba su yi ƙarancin da za a ce kada a duba ba.

Inda za a duba ɗin shi ne wutsiyar ƙarfen da ke ɓoye cikin ƙota, wadda mutanen Japan ke kira nakago. A nan maƙeri ke sassaƙa sunansa, shi ya sa ba ka ga rubutu ba. Kuma an yi ƙotar ne don a riƙa cirewa, ba kamar tamu da ake dasa wa har abada ba. Ka duba tsakanin naɗin, kamar yatsa uku ƙasa da faifan da ke kare hannu, za ka ga kan wata 'yar turaka ta gora. Galibi ita kaɗai ke riƙe da takobin. Gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ka tura ta daga siririn gefen da tsinke mai ƙwari wanda ba shi da tsini, ta fita ta ɗayan. Ka bi ƙotar da kallo ko akwai ta biyu. Sai ka zare takobin, ka riƙe ƙarshen ƙota da hannun hagu, tsini sama, kaifi yana kallon nesa da kai, ka dunƙule hannun dama ka bugi wuyan hannun hagun. Bugu biyu ko uku za ka ji ƙarfen ya saki. Ka kama shi da tsumma mai tsabta ka zare. In ya ƙi, shekara tamanin ba wasa ba, kada ka sa guduma a kan tagulla. Ka naɗe ƙarfen da ƙyalle, ka ɗora guntun katako a kan faifan, ka riƙa ƙwanƙwasawa a hankali, dama da hagu. 'Yan siraran faya-fayan da za su zubo ka jera su yadda suka fito. Ka yi wannan a kan tabarma, yara na waje, domin irin takubban nan ko da tsatsa suna yanka.

Yanzu ga wutsiya a gabanka. Kada ka goge ta ko da yawu ne. Launinta shi ne shaida ta farko. Ta lokacin yaƙi tana nan toka-toka, da ɗigon jar tsatsa nan da can, layukan magagari a jikinta suna da kaifi har farce na kama su, bakin rubutun ma a tsaye yake. Wadda ta shekara ɗari uku ko huɗu baƙa ce wuluk ko ruwan makuba mai duhu, sumul a hannu, layukan magagarin sun lafa, wani wurin sun ɓace. Sai dai a yi hattara: takobin da ya sha daminar Arakan, ya zo ya kwana cikin bargo a ɗakin ƙasa, wutsiyarsa na iya cin tsatsa mai kauri da ɓawo. Wannan lalacewa ce, ba tsufa ba. Tsatsar tsufa lafiyayya ce, a kwance take.

Sai ka ƙirga ramuka. Rami ɗaya na nufin wataƙila ƙotar farko ce. Biyu, uku ko huɗu galibi na nufin an sha canza masa ƙota, alamar ya daɗe a duniya. In kuma ƙarshen wutsiyar a datse yake tas, ba a zagaye ba, to an taɓa rage masa tsawo. Dogayen takubban mahaya na ƙarni na 13 da na 14 da yawa an datse su daga baya don su dace da mai yaƙi a ƙasa, kuma ta gindi ake datsewa, ba ta tsini ba, sai sunan maƙerin ya tafi tare da guntun. Saboda haka wutsiya marar rubutu ba ta nufin takobi marar asali. Wasu daga cikin mafi daraja a Japan ba su da sa hannu.

In akwai rubutu, ka ɗaga tsini sama, ana karantawa daga sama zuwa ƙasa. Yawanci gefe ɗaya sunan lardi ne, da gari, da sunan maƙeri, a rufe da 作, wato "ya ƙera". Ɗaya gefen kwanan wata. Ba sai ka iya Japananci ba, ka nemi waɗannan biyun a sama: 昭和. Sunan zamanin Sarki Hirohito ke nan, Showa, wanda ya fara a 1926. Lambar da ta biyo baya sai ka ƙara mata 1925. Lambobinsu ba su da wuya: 一 ɗaya, 二 biyu, 三 uku, 十 goma, 八 takwas. In ka ga 昭和十八年, shekara ta 18 ke nan, wato 1943. Wasu maƙeran sun yi amfani da lissafin daular, inda 2600 ta zo daidai da 1940. Nan kuma 660 za ka cire. In wasu haruffa biyu ne daban a sama, to sunan wani zamani ne da ya gabata, kuma a nan ne za a gyara zama.

Ka sa ido sosai a saman sunan, kusa da rami, ko akwai ɗan ƙaramin hatimi da aka buga, bai fi ƙwayar dawa ba. Harafin 昭 cikin fure, ko harafin 関, suna nuna ƙirar lokacin yaƙi wadda ba ta bi tsarin gargajiya ba, galibi daga garin Seki da ke lardin Gifu, inda aka fi ko'ina fitar da takubban soja. Maƙeran Seki da yawa sunansu da "Kane" yake farawa, 兼. Hatimin tauraro kuwa daban ne: na maƙeran da rundunar soja ta tantance ne, waɗanda ta ba su ƙarfen gargajiya suka yi aikin hannu. Lambobin fenti da za ka iya gani a wutsiyar na masu haɗa kube da ƙota ne, ba shekara ba ce.

Daga nan sai jikin ƙarfen, in tsatsa ta bar wurin dubawa. Wannan ne ɓangaren da ni ɗan maƙera ya fi burge ni. Kakanninmu daga tama suke fitar da ƙarfe. Maƙeran Japan kuma daga baƙin yashi, a wata murhun laka da ake hura wa wuta kwana uku ba dare ba rana. Ƙarfen da ya fito, tamahagane, sai maƙeri ya yi ta ninke shi yana bugawa, sau goma zuwa sha biyar, har dattin ya fita. Ninkin nan ne ke barin siraran jijiyoyi a fatar takobin. Sannan ya shafe shi da laka, mai kauri a gadon baya, siririya a bakin kaifi, ya gasa ya tsoma a ruwa. Bakin ya huce nan take ya yi tauri, bayan ya huce a hankali ya zauna da laushinsa, a tsakaninsu kuma wani farin layi ya fito, hamon. Da dare ka kunna ƙwan lantarki ɗaya ko tocila, ka nuna tsinin wajen hasken, ka bi ƙarfen da ido a karkace. A aikin gargajiya layin na haske kamar yana cikin ƙarfen, da 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli a gefensa. Na masana'anta da aka tsoma a mai, layin dishi-dishi ne, tudunsa iri ɗaya reras, fatar kuma fayau babu jijiya.

Lanƙwasa ma na magana. Ka ja zare daga tsini zuwa ɗan gefen da wutsiya ta fara, ta gadon baya, ka ga inda tazara ta fi faɗi. In kusa da ƙota ne kuma lanƙwasar mai zurfi, salon ƙarni na 12 da na 13 ne. In ta fi karkata wajen tsini, salon ƙarni na 16 ne. In kusan miƙaƙƙe ne, ya yi kama da na wajejen 1660. Santimita 66 ɗin da ka auna ya sa shi cikin katana, wato dogon takobinsu, domin duk abin da ya wuce santimita 60.6 can yake, amma tsawon bai yanke hukunci ba, ana samunsa a tsoho da sabo. Masana sun kasa zamunnan kamar haka: koto kafin 1596, shinto daga nan zuwa 1780, shinshinto zuwa 1876, shekarar da gwamnati ta hana yawo da takobi, sai na zamani. Ka ga ko na ƙarshen shinto ya girmi jihadin Shehu na 1804. Asali kuwa, tsoffin gidajen ƙira biyar ake komawa: Yamashiro, Yamato, Bizen, Soshu da Mino. Bizen, musamman garin Osafune, ta fi kowa yawan abin da ya rage, Mino kuma ita ce tsohon lardin da Seki ɗin da na ambata yake ciki.

Gargaɗi biyu a kan suna. In wani ya karanta maka wutsiyar ya ce Masamune ko Kotetsu ne, kada ka yanka rago tukuna. Tun ɗaruruwan shekaru ake sassaƙa sunayen manyan maƙera a kan aikin wasu, a can Japan ɗin, kuma na jabu sun fi na gaske yawa. Na biyu, tsufa kaɗai ba ya sa tsada. A ƙarni na 16, lokacin da sarakunan yaƙinsu ke cin juna, maƙera da dama a Osafune sun yi ta sa hannu da suna ɗaya, Sukesada, suna fitar da takubba dami-dami. Irin wannan zai iya kai shekara ɗari biyar ɗin maƙwabcinku, amma kyakkyawan aikin hannu na 1943 ya fi shi kuɗi. Abin da ke kashe daraja gaba ɗaya shi ne siririn tsagu da ya ratsa bakin kaifi a gicciye, ko gobara da ta shafe farin layin.

Hukuncin ƙarshe ba a hoto ake yanke shi ba. A Tokyo akwai ƙungiyar adana takubban fasaha, NBTHK, da aka kafa a 1948, wadda ke duba takobi a hannu ta ba da takardar shaida. Masu wasa takobi a can kusan shekara goma suke koyo, da duwatsu kala-kala, kuma aikinsu na da tsada ƙwarai. Ba na ba ku shawarar wannan ɗawainiya sai wutsiya ta nuna ya cancanta, kuma in na masana'anta ne ma dokar Japan ba ta yi masa rajista a matsayin kayan fasaha. In har ta kai ga fitar da shi waje, ku fara tuntuɓar gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke nan Katsina a kan batun takardar izini. Kuma a yanayin tsaron da muke ciki, kada ka jefa shi bayan mota ka kama hanya kana neman mai dubawa.

Kafin nan, ka share ƙarfen da farin ƙyalle mai laushi, ka shafa man keken ɗinki kaɗan, yadda ba zai ɗiga ba, ban da wutsiya. Ban da man gyaɗa, man shanu ko baƙin mai. Kada yatsa ya taɓa shi, gumi na barin tabo. A fitar da shi daga bargon nan, a kwantar da shi wuri busasshe, kaifi sama, a sake duba shi in damina ta kama. Yayanka ya samu takobin gida da hamila ya yi hawansa, shi ya ma fi dacewa da rawani. A rabon gado kuma ku ajiye shi gefe har a san ƙimarsa. Ku binciki adakar nan ko akwai littafin sallamar kakanku, wanda zai nuna bataliyarsa, ko lambar Tauraron Bama mai kusurwa shida. In akwai gwaggo ko kawu da ya ji labarin daga bakinsa, a ɗauki muryarsa a waya tun yana da ƙarfi. Takobi mai sanannen tarihi ya fi wanda ya faɗo daga sama, a wurin iyali da wurin mai saye. Ka turo mini hoton wutsiyar gefe biyu, tsini sama, a hasken taga ba da filashi ba, da hoton ƙarfen gaba ɗaya a kan baƙin ƙyalle.

TAMBAYA

Malam, wani ya sa takobi a Facebook ya ce na samurai ne, wato mayaƙan Japan na da, na shekara ɗari huɗu. Duk jikinsa zane ne kamar igiyar ruwa, da hoton maciji mai ƙafafu, da manyan haruffa a kan ƙarfen, da lamba a jikin ƙwaryar tagullar da ke gindin kaifi. In saya?

Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA

Malam, riƙe kuɗinka. Kusan duk abin da ka lissafa alamun kwaikwayo ne irin wanda ake bugawa a Sin a baza duniya. Jijiyoyin takobin gaske sirara ne, sai an ƙura ido. Zanen da ke tsalle ya shiga ido daga nesa da ruwan asid aka fito da shi. Lamba a kan ƙwaryar tagullar nan tsohuwar shaidar jabu ce, na soja na gaske a jikin ƙarfe da bakin kube ake buga ta. Akwai takubban gaske masu sassaƙen maciji, amma sassaƙa ce ta kurfi mai zurfi da tsabta, ba zanen da aka ƙona a sama ba. Ka ƙara duba naɗin ƙota: a na gaske igiyar na haye juna bi da bi, wannan ta hau, ta gaba ta shige, kuma tagogin da ke tsakani girmansu ɗaya. Ka ce ya cire ƙotar ya ɗauko maka hoton wutsiya. Ta jabu za ka gan ta kaca-kaca, da sawun injin gurza, wani lokaci har da walda, an shafa mata jar tsatsa ta kwana bakwai. In ya fara kame-kame ya ce ba ta ciruwa, ka bar masa kayansa.